Ƙofa Shuɗiya Bayan Famfo

Alu ya iso gidan Alhaji Sha'ibu a unguwar Treichville ta birnin Abidjan wajen ƙarfe tara na safe, a ƙafa, da takalmi ɗaya. Mai sayar da albasa ne a kasuwar Adjamé, ɗan ƙanwar Alhajin, kuma tun fitowar rana ya taso daga Williamsville yana kewaye shingayen da samari suka kafa a kan hanya. Watan Maris ne na shekarar 2011, lokacin da rikicin zaɓe ya sa bankuna suka rufe, tasin woro-woro suka yi wuya, baƙo kuma ya koyi tafiya a gefen bango.

Haulatu, babbar 'yar Alhaji, ta kawo masa ruwa. Taubashinta ne, da wata rana ce da sai ta tsokane shi a kan takalmin. Yau da ta dubi fuskarsa sai ta ajiye kofin ta zauna.

"Jiya da la'asar suka zo, Kawu," in ji Alu. "Ba su tsaya bugun ƙofofi ba. Sun wuce gida uku, suka shigo namu kai tsaye. Ɗaya yana riƙe da takardu yana karantawa. Ya kira sunan Yaya Idris, ya faɗi garinmu, har da yawan 'ya'yansa. Suka sa shi a mota."

"Kai fa?"

"Sunana ba ya ciki. Ina tsaye a bakin famfo, ko kallona ba su yi ba."

Ya zaro takarda daga aljihu, jiƙaƙƙiya, a ninke. Ta faɗi daga hannun mai karatun ne, Alu ya tsince ta a kwata bayan tafiyarsu. Alhaji ya miƙa wa Haulatu, don ita ce mai Faransanci.

Ba ta buƙaci karantawa ba. Ta san layukan, ta san faɗin kowane gurbi, don ita ta tsara su. Suna, sana'a, lambar waya, garin asali, ƙasa, sai gurbi na ƙarshe mai faɗi, kwatancen gida. A gaban sunan Idris an rubuta: bayan mai ɗinki, ƙofa shuɗiya bayan famfo. A ƙasan takardar akwai lamba tara.

Shekara huɗu da suka wuce, ƙungiyar 'yan kasuwar Hausawa ta Adjamé da Treichville ta nemi a yi mata manhaja ta kwamfuta, don in kaya sun sauka a tashar jiragen ruwa a san wanda za a sanar da inda za a same shi. Haulatu ta gama karatun kwamfuta ba da daɗewa ba, sai aka ba ta aikin. Gidajen tsakar unguwa ba su da lamba, shi ya sa ta bi su ɗaya bayan ɗaya da littafi a hannu. Da namiji ne da a zaure zai tsaya. Ita kuwa 'yar Alhaji Sha'ibu ce, aka shigar da ita har ɗaki, aka dama mata fura, aka ƙirga mata yara. Gurbin garin asali mahaifinta ne ya ce a ƙara. Ya ce mutum yakan mutu a Abidjan a yi sati ba a san inda za a aika da labari ba.

Manhajar ta yi aiki, har Kamilu ya ji labarinta. Kamilu ɗan wani aminin Alhaji ne da ya rasu, yana da ƙaramin kamfani kusa da tashar jiragen ruwa. Ya ce ba amfani da manhajar kawai yake so ba, asalin rubutunta yake so ya saya, wanda da shi ake iya gyara ta a sake fasalinta. Haulatu ta kwashe komai a faifai ɗaya. Ta yi niyyar share sunayen, Kamilu ya ce ta bar su a ciki don a ga yadda take aiki. Farashin da ya faɗa ya fi ƙarfin manhajar, ta sani, amma ba ta tambayi dalili ba. A takardar cinikin an rubuta: manhajar da duk abin da ke cikinta. Ta karanta layin sau biyu, ta sa hannu. Da kuɗin aka cire wa mahaifinta yanar ido.

Duk wannan ta faɗa wa Alhaji a gaban Alu, a hankali, ba ta rage komai ba. Alu ya sunkuyar da kai.

Shekara hamsin Alhaji ya yi yana sayar da atamfa, kuma a iya saninsa babu cinikin da ba a warwarewa. In mai sayarwa ya yi nadama, ya koma da kuɗi da ladabi, mutumin kirki yakan mayar masa da kayansa.

"Ɗauko mini babbar rigata," ya ce. "Za mu je mu warware cinikin."

"Baba, ba irin wannan ba ne."

"Kamilu a gabana aka raɗa masa suna. Ba zai hana ni ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi a cikin rawani. Haulatu ta ga bakin sarƙar zinariyar mahaifiyarta marigayiya yana leƙowa. Ta yafa mayafi ta bi shi.

Hanyar tashar jiragen ruwa da ba ta rabuwa da manyan motoci ta zama fayau. Kwantenoni a jere ba mai taɓa su, ƙofofin sito a kulle. Sun sami Kamilu a ofishinsa a hawa na ɗaya, yana cusa takardu a kwali. Ya durƙusa ya gaida Alhaji da Hausarsa mai ɗingishi, ya goge kujera da hannun riga.

Alhaji ya ajiye ƙunshin a kan tebur, ya ajiye jiƙaƙƙiyar takardar a gefensa.

"Ɗana, abin da 'yar'uwarka ta sayar maka muka zo karɓa. Ga wannan, in bai kai ba ka faɗa."

Kamilu ya ɗauki takardar. Haulatu ta ga yadda hannunsa ya tsaya.

"A ina aka samo wannan?"

"A Williamsville," in ji Haulatu. "Da ita aka tafi da Idris jiya."

Kamilu ya zauna a kan kwalin. "Wallahi, Baba, ban ba kowa don wannan ba. Masu shinkafa na ba wa, da masu aika kuɗi, da wani kamfanin inshora. Masu neman inda za su kai talla."

"Na yarda da kai. To, ka ba mu kayanmu."

Kamilu ya dubi Haulatu kamar mai neman ta cece shi. Ya jawo aljihun tebur ya fito da faifan, da rubutun hannunta a kansa, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ya juya shi, ya sa a aljihun gaba, ya dafa. Fuskarsa ta saki a karo na farko tun safe. Ya tura ƙunshin gaban Kamilu.

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. Tashi mu tafi, Haulatu."

Ba ta tashi ba. Ta so ta bar shi ya kai gida da wannan sanyin a ransa, ko na sa'a ɗaya ne. Amma takardar da ke kan tebur shafi na tara ce, kuma ta san jerin ya kai shafi ashirin da shida.

"Baba, zauna tukuna. Kamilu, gaya masa mutum nawa ka ba."

"Goma sha huɗu."

"Goma sha huɗu me?" in ji Alhaji. "Ga shi a aljihuna."

"Ba faifan na ba su ba, Baba. Kowa na juya masa nasa. Lasisi ake cewa. Ya biya, in ba shi izinin amfani na shekara."

"Ka sayar sau goma sha huɗu, kuma yana nan a wurinka?"

"Haka abin yake. Ba kamar turmin atamfa ba ne, ba ya barin hannu."

"To, ka aika su dawo da shi. Shekarar ba ta ƙare ba?"

"Ta wasu ta ƙare. A takarda an ce su goge. Amma ba ni da hanyar sanin sun goge. Rabin ofisoshin an fasa su, an kwashe kwamfutocin. Ko ma'aikaci ɗaya ya buga ya sa a jaka, shi ke nan."

Alhaji ya ciro faifan ya sake dubawa. Sannan ya yi tambaya, ba da faɗa ba, da muryar mai son ya gane.

"Ka ce izini kake sayarwa. Izinin wa? An tambayi Idris?"

Haulatu ce ta amsa.

"Ba a tambaye shi ba, Baba. Ni ya kamata in tambaye shi."

Kamilu ya mayar da ƙunshin gaban Alhaji. Alhaji bai taɓa shi ba, sai Haulatu ta ɗauka ta ɗora masa a cinya.

"Akwai wuta a injin bugawarka?" ta tambayi Kamilu.

"Akwai."

"Buga mini jerin gaba ɗaya. Ka ba ni duk wayar da ke da kuɗi a ofishin nan."

Ta tsara jerin ne unguwa-unguwa, lungu-lungu, yadda ta bi su da ƙafa. Duk wanda ke riƙe da shi, haka zai bi shi. In jiya suna shafi na tara, yau na goma ne. An toshe saƙon waya a ƙasar tun makonni, don haka dole ta kira kowa da bakinta.

Ta fara daga saman shafi na goma. Ta gaishe da mutum, ta faɗi ko 'yar wace ce, ta ce akwai takarda mai sunansa da kwatancen gidansa a hannun waɗanda ba a sani ba, ya kwashe iyali ya bar gidan yau, kafin la'asar. Wanda ba shi da wurin zuwa, ta ce ya nufi babban masallacin Treichville. Kamilu ya ɗauki shafi na sha ɗaya ya koma bakin taga. Wasu suka yi godiya suka kashe da sauri. Wani ya ce shekara talatin yana gidan, ina zai je da awaki. Lambobi da yawa ba su shiga ba. Haulatu takan sa ɗigo a gaban wanda ta samu, ta bar sauran ba alama, don ta sake gwadawa.

A tsakiyar shafin ta kai ga Tsahara, mai sayar da kayan yaji, wadda ranar rubutun ta hana ta tafiya sai da ta ci tuwo.

"'Yar Alhaji, ke ce? Mun ji abin da ya sami Idris. Mu dai muna ciki-ciki, ko mai kawo wasiƙa ba ya gane gidanmu."

"Za su gane, Inna. An rubuta musu lungun mai gawayi, da bishiyar gwanda."

Tsahara ta ce, "Wa ya san da gwandar nan?"

"Ni ce na rubuta, Inna. Ni na sayar."

Ta jira zagi, bai zo ba. Ta ji Tsahara ta kira wata ta ce ta sauke tukunya ta goya yaro. Sannan wayar ta mutu. Haulatu ta sa ɗigo.

Sun kai azahar suna kira. Waya biyu suka ƙare, ta koma ta uku. Alhaji ya yi salla a kusurwar ofishin a kan kwali, ya dawo ya zauna yana bin bakinta da ido. Tana shafi na sha uku wayarsa ta yi ƙara. Alu ne daga gida. Alhaji ya saurara, ya ce innalillahi a hankali, ya tambayi inda aka sami gawar Idris da wanda ya rufe shi da zane, ya ce to.

Haulatu ta ajiye biro.

"Kada ki tsaya," in ji shi. "Ki ba ni waccan takardar dai."

Ta miƙa masa shafi na tara, wanda ya bushe ya kakkafe. Ya kai shi kusa da taga, ya bi layin da yatsa har gurbin da shi ya sa a ƙara. Sunan garin yana nan, da lambar maƙwabcin da ke kai wa ƙanwarsa saƙo. Ya danna lambobin ɗaya-ɗaya, ya kara wayar a kunne.

Haulatu ta ji ya yi sallama, ya ce a kira masa mahaifiyar Idris, zai jira. Ta duba shafin da ke gabanta. Saura shafi goma sha uku da rabi, rana kuma ta fara karkata. Ta ɗauki wayar ta kira suna na gaba.