Gilashin da Yaya Ya Wanke

Abu ɗaya tak na ce wa Yaya ya yi mini. Zoben gilashin kyamarata da nake murzawa in daidaita hoto ne ya cije, sai na sa ƙarfi kamar mai buɗe murfin kwalba kafin ya motsa. Na kai masa gilashin kyamarar har shagonsa, na ce ya sassauta zoben, ya ɗiga masa mai, shi ke nan. Amma Yaya ba ya iya ganin noti bai kwance shi ba. Tun muna yara haka yake, ko rediyon gidanmu bai tsira ba, shi ya sa da ya zama mai gyaran tsofaffin kyamarori babu wanda ya yi mamaki.

Gilashin na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Da shi ya yi sana'ar hoto, da shi nake yi. Masu kyamarar zamani sun cika gari, amma har yau akwai masu hawo matakalar ɗan shagona saboda shi. Yana da wani irin laushi, fuska takan fito kamar an shafa mata haske, ƙuraje su ɓuya, tamoji su kwanta. Mata suna cewa hannuna ne mai albarka, ni kuwa ba na musu.

Inna ce ta sa na matsu da gyaran. Ta yi doguwar jinya, ta dawo gida ta zama rabin yadda take, kuma tun daga nan ta sa aka fitar da madubi daga ɗakinta. Ran nan ina yanke mata farce ta ce, "Auta, ki zo ki ɗauke ni hoto. Ina so in ga abin da ya saura."

Na yi dariya na ce ta shirya ganin amarya. A raina na san gilashin Baba zai rufa mana asiri, zai nuna mata macen da za ta iya kallo ba tare da zuciyarta ta karye ba.

Ɗaukar hoton ya cinye mana safiya guda. Ni da matar Yaya muka yi mata wanka, muka sa mata kaya, muka tallabo ta zuwa kujerar da ke bakin taga. Ta miƙe wuya, ta daure, har gumi ya tsattsafo mata. Zoben kuwa yana juyawa sumul, har na sa wa Yaya albarka a zuci. Da muka mayar da ita gado ta ce, "Kada ki sake ce mini in zauna. Na gama."

Washegari na shiga ɗakin wankin hoto, na kunna jar fitila, na tsoma takarda a ruwan magani ina kaɗa farantin. Fuskar ta fara tasowa, gabana ya faɗi. Ga ramin kumatu, ga jijiyoyin wuya, ga kowace tsaga ta gefen baki, ga ƙashin kafaɗa yana tokare riga. Babu abin da bai fito ba. Na ce ƙila takardar ce, na canja. Na ce ƙila maganin ne, na haɗa sabo. Na zagaya ɗakin, na buge gwiwa da kujera, na dawo na sake buga hoton, fuskar dai ita ce. Sai na ciro gilashin daga kyamara na ɗaga shi saitin taga. Garau yake kamar ruwan sha, abin da ban taɓa gani ba tunda nake.

Ban ko rufe shago da kyau ba na fita. Na tsallaka titi tsakanin motoci ana yi mini oda, na bi ta lungun masu gyaran waya, na faɗa shagon Yaya. Yana duƙe a tebur da madubin ƙara girma a ido ɗaya, ƙananan notuna jere a murfin gwangwani.

"Yaya, me ka yi wa gilashin Baba?"

Ya ɗago yana murmushi, wai shi a dole yabo yake jira. "Kin gani ko? Da na buɗe sai na tarar fumfuna ta yi saƙa a gilashin tsakiya, ga tsohon mai ya yi tururi ya kwanta a kai. Yini guda na yi ina gogewa. Yanzu ko gashin ƙuda kika ɗauka sai ya fito."

"Wa ya aike ka? Zobe na ce maka, zobe!"

Na ajiye masa hoton a kan notunansa. Ya cire madubin daga ido, ya duba, murmushin ya tafi.

"Haka Inna ta koma?" ya ce a hankali.

"Kullum kana ganinta."

"Ina ganinta, amma ban gan ta haka ba."

"To mayar mini da shi yadda yake."

"Haba Auta, in mayar da fumfuna? Shuka ta zan yi, ko kasuwa zan je in sayo?"

Na so in rotsa masa murfin gwangwanin a ka. Ko da zai iya mayarwa, Inna ta ce ba za ta sake zama ba. Na tsaya ina huci, na zauna, na miƙe. Shi ya ba ni shawarar in shimfiɗa siririn ƙyalle a ƙarƙashin fitilar buga hoto, haske ya ratsa ta ciki, ko hoton zai yi laushi.

Na koma na gwada. Na yage gefen mayafina na ɗaura, na buga, ya yi duhu. Na nisanta shi, na buga, idanun suka narke. Na yi ta ɓarnar takarda har igiyar shanya ta cika da fuskokin Inna suna ɗigar ruwa. Wanda ya fi dama-dama a cikinsu ya ɓoye ramar, amma ya fito kamar an hango mutum ta gilashin mota ana ruwan sama. Ana cikin haka matar Yaya ta kira ni, ta ce Inna ta ƙi cin abincin rana, wai sai ta ga hotonta.

Na sa biyu a ambulan, mai laushin a sama, na gaskiyar a ƙasa. Har na isa ban san dalilin da ya sa na ɗauko na biyun ba. A ƙofar gida na tarar da Yaya ya riga ni zuwa, yana ta kai da komo, ya kasa shiga. Na ja shi muka shiga tare.

Inna tana jingine da matasai. Ta sa tabarau, na miƙa mata na saman. Ta kai shi kusa, ta nisanta, ta goge tabarau da bakin zane.

"Ke da ubanki duk halinku ɗaya," ta ce. "Kullum sai ku sa mutum cikin hayaƙi. Mene ne wancan da kike ɓoyewa?"

"Wanda ya lalace ne, Inna."

"Ba ni."

Na kalli Yaya, ya kalli ƙasa. Na ba ta. Ta riƙe shi da hannu biyu. Na ga leɓenta yana rawa, na ce a raina shi ke nan, mun kashe ta da ranta. Ta sa yatsa ta bi ramin kumatun, ta gangaro zuwa haɓa.

"Wannan ai uwata ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Haka take daga ƙarshe, har wannan taurin wuyan."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, ko sau ɗaya. Shekara da shekaru ina neman fuskarta a raina, ta ƙi zuwa." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Auta, ki buga mini babba. Ki rataye shi nan, inda zan riƙa ganinta in na farka."