Farin Haƙoran Isma'ila

A shekarar da ta biyo bayan annobar amai da gudawa, magana ta cika Comércio, unguwar 'yan kasuwa ta bakin ruwa a Bahia, cewa wani wanzami Bayarabe da ke bayan ɗakunan ajiyar taba ya samo ruwa daga Faransa. An ce in ya shafa wa mutum a haƙora sai su koma fari fat, shekara goma ta sauka daga kansa. Masu ƙarin gishiri suka ce har ciwon gwiwa yana ɗaukewa.

Laraba ta ji labarin tana gaban kaskon ƙosanta a gindin gangaren da ake kira Ladeira da Praça, ta taɓe baki. Tsohuwa ce 'yantacciya, 'yar malamin Zazzau, ta sauke karatu kafin a kamo ta a ƙetaro da ita teku cikin bauta, kuma tun tana yarinya in aka ce mata "haka aka ce" sai ta tambayi wanda ya ce. Nata haƙoran jajaye ne wur da goro da furen taba, kamar na matan garinsu. Guda ɗaya kawai ta taɓa rasawa, turmi, shi ma yana ƙulle a bakin zanenta.

Da ba ta kula ba, sai ga Isma'ila. Jirgi ɗaya ya kawo su, ita budurwa, shi yaro mai majina. Yanzu ya haura hamsin, har yau bawa ne, yana dako daga bakin ruwa zuwa kan tudu ya kai wa ubangidansa rabonsa. Da yamma yakan zauna wajen matarsa Altine mai wanki. Ran nan ya taho da buhu a ka, baki a buɗe, yana gaisar da mutanen da bai sani ba.

"Yaya, ina kwana?" ya ce, ya ja gaisuwar don a ga haƙoran.

"Wa ya zuba maka farar ƙasa a baki?"

"Hassada ce. Maigida ne da kansa ya kai ni wurin wanzami. Har kogunan haƙoran ya cike mini, duba."

"Mutumin da bai taɓa saya maka hula ba?"

"Zuciya tana juyawa, Yaya. Ƙila 'yanci yake shirin ba ni."

Ta miƙa masa kunun da ya saba sha da ɓarin goro. Ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. Wai wanzami ya hana shi abu mai zafi da goro har sai Asabar ta wuce.

"Me ake yi ran Asabar?"

"Magani ne zai zauna," in ji shi, ya ɗauki buhunsa ya yi gaba yana yi wa jakin wani murmushi.

Da hantsi ta bar wa maƙwabciya kaskon ta nufi shagon wanzamin. A kan benci ta tarar da maza huɗu a jere, duk bayi, duk tsofaffi, an aske musu furfura an shafa musu mai suna ƙyalli. Ba ta ga farar fata ko ɗaya ba a cikin masu neman wannan ƙuruciya ta Faransa. Wanzamin yana tsoma wani farin danƙo a ruwan zafi, in ya yi laushi ya murza shi ya cusa a kogon haƙori ya danne da babban yatsa.

Da ta buɗe masa baki ya ce da Yarbanci, "Iya, wa ya yanka akuya a nan?"

"Mijinta. Farinka kwana nawa yake yi?"

"Ya danganta."

"Da me?"

"Da ranar da jirgin kudu zai tashi." Ya yi dariya, sannan ya dubi bencin ya haɗiye ta.

Ba sai an yi wa Laraba fassara ba. Tun da aka hana jigilar bayi daga teku, dillalai ke zuwa suna kwasar na Bahia zuwa gonakin kofi a kudu, kuma baki suke fara dubawa, kamar masu sayen doki. Wanda aka kai can, ko labarinsa ba ya dawowa.

Ta ce ita ma tana son ruwan, amma a gida za ta shafa, tana jin kunya. Ya ɗiga mata kaɗan a ƙoƙo. Da ta koma gida ta kwance bakin zanenta ta jefa haƙorin nan nata a cikin ruwan. Kafin la'asar ya yi fari ƙal, ta yaba da farin. Ta kankare shi da farce, ya zubo da gari kamar alli. Ta tauna goro ta tofa masa, ya shanye ja nan take, ta goge da toka da asuwaki ya ƙi fita. Ragowar ruwan ta kai wa wani maƙerin tagulla, ya sansana, ya tambaye ta wa ya zuba wa kayan aikinsa turare.

Ran Juma'a ta tare Isma'ila a kan gangaren, ta ɗora masa haƙorin a tafin hannu, ta gaya masa abin da ta gani.

Ya daɗe yana juya shi. "Yaya, tun da na sauka garin nan ba a taɓa yi mini wani abu don ni ba. Sai wannan."

"Wannan ɗin ma ba don kai ba ne, sakarai. Rago ake wankewa za a kai kasuwa."

"In ƙarya kike fa?"

"In ƙarya nake, ka yi asarar murmushi. In gaskiya nake, Altine ta yi asarar miji. Zaɓi."

Ya mayar mata da haƙorin ya wuce. Amma da safiyar Asabar sai ga shi gaban kaskon, baki a rufe. Ya sha kunu ƙwarya biyu yana tiriri, hawaye na zuba don tsamin haƙora. Ya tauna goro har muƙamuƙinsa ya gaji, ta bi da fure ta goge masa sama da ƙasa.

Ta ɗauki tirenta ta bi shi har ƙofar ɗakin ajiyar da aka kira shi, ta tsaya tana talla. Tana jin ubangidan yana rantse wa dillali cewa wannan bai fi shekara talatin da biyar ba.

"Buɗe baki," in ji dillalin.

Isma'ila ya buɗe. Dillalin ya leƙa ya ja da baya. Ya sa yatsa ya latsa turmin ƙasa, yatsan ya fito da farin danƙo yana naɗewa kamar kakin zuma. Ya dubi yatsan, ya dubi ubangidan, ya goge a hannun rigar ubangidan.

"Talatin da biyar? Wannan ya girmi ubana. Kuma bakinsa jini yake yi."

"Ƙosai da zafinsa!" in ji Laraba daga ƙofa.

Isma'ila ya sha bulala a ranar, ya yi mako yana kwana rub da ciki a ɗakin Altine. Jirgin kudu ya tashi da mutum huɗun da Laraba ta gani a benci. Kafin shekara ta zagayo haƙoransa na gaba sun guntule, bai ƙara iya tauna goro ba sai Altine ta daka masa. Ruwan kuwa bai taɓa zuwa Faransa ba. Wanda maƙera ke wanke tagulla da shi ne, aka sirka da ruwan rijiya da turare.