Luguden Inna Hajo

"Inna, ko loma ɗaya ce ki daure," in ji Kalsum, tana riƙe da ludayin koko a bakin tsohuwar.

Inna Hajo ta juya fuskarta bango. Tun ranar da ta faɗi a bakin famfo ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce a mai da ita gida a yi ta lallaɓawa. Kalsum ce mai lallaɓawar, don ɗakinta ne ke kallon na tsohuwar a gidan hayarsu na Agege, kuma ba wani ɗan'uwa da ya rage wa Inna a Legas. Mijinta, ɗan goro, ya daɗe a ƙasa.

Abin da ya fi cin ran Kalsum shi ne ciwon ya zo ana saura kaɗan Inna ta tafi gida. Bayan rikicin Ketu, da mutane suka yi ta ɗaure kaya suna komawa Arewa, ita ma ta ce ta gaji, za ta je Tungar Bawa, can bayan Shinkafi, ta ga damina ɗaya kafin ta mutu. Murtala mijin Kalsum har ya samo mata wuri a gaban wata tirelar shanu da za ta koma ba kaya. Tirela ta tafi ta bar ta a kan tabarma.

Kalsum ta ajiye kwanon ta fito. Furar sayarwa take yi, ga shi NEPA sun ɗauke wuta tun jiya, mai injin niƙa ya rufe shago. Ta jawo turmin Inna daga bayan ƙofa, ta kira Tani maƙwabciyarsu ta kama mata.

A Agege aka haifi Kalsum, a nan ta tashi da Yarabanci a bakinta. Ba ta taɓa ganin gero a gona ba. Duk abin da ta sani na karkara daga bakin Inna Hajo ta ji shi, a gindin wannan turmi: waƙar daɓe, waƙar korar tsuntsu, da doguwar waƙar Hamani, manomin da ya kora jakinsa neman hatsi a shekarar yunwa, matarsa Mariamu na jiransa ƙarƙashin gawo. Inna takan jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, ɗankwali na zamewa, tana yi musu tsiyar cewa 'yan Legas daka suke kamar masu kashe ɓera.

Suka fara, taɓarya na bin taɓarya. Ba su yi nisa ba Tani ta tsaya cak.

"Ke, ji mana."

Daga ɗakin Inna wani sauti ke fitowa, can ƙasa-ƙasa. Kalsum ta ruga. Tsohuwar ta juyo da fuskarta ƙofa, hannunta na hagu yana bugun tabarma, daidai inda taɓarya ya kamata ta sauka.

"Inna! Magana za ki yi?"

Bakin ya motsa, ba abin da ya fito. Idon nan nata ya tsaya kan ƙofa.

"Tani, ci gaba! Kar ki tsaya!"

Da dakan ya dawo, sai murya ta biyo shi, a karkace, amma kowace kalma ta fita:

"Hamani ya kora jaki,
Hanya ta ci sau nai.
Mariamu, tashi ki duba,
Ƙura ta, ko ko shi na?"

Kalsum ta durƙusa, hawaye na zuba. Matar da ta kasa cewa a ba ta ruwa, ga ta tana waƙa.

Suka kinkimo turmin har bakin ɗakin. Iya Risi mai gidan ta leƙo daga sama.

"Kilode? Me ya faru? Za ku fasa mini siminti ne?"

Kalsum ta yi mata bayani da Yarabanci. Iya Risi ta sauko, ta daɗe tana kallon tsohuwar da suka yi shekaru suna faɗa kan igiyar shanya. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce a miƙo mata taɓarya, ai ita ma sakwara ta tashi tana dakawa.

Su uku suka yi ta lugude a matsattsen lungun nan, ana jin kwandastan motar haya ta danfo na kiran fasinjan Oshodi daga titi. Inna ta bi da Hamani kasuwa-kasuwa. Ta kai shi inda ya sayar da rigarsa, ta kai shi inda jakin ya kwanta ya ƙi tashi. Gero ya zama gari, suka ƙara wani. Kalsum ba ta taɓa jin waƙar ta wuce nan ba, don kullum gari kan yi laushi kafin a kai ƙarshe. Ran nan ta ji. Hamani ya dawo a ƙasa, da ɗan buhu a ka, ranar da ruwan farko ya sauka, ya tarar da Mariamu ta shuka irin da ta ɓoye ba ta ci ba.

Da Inna ta kai aya sai ta yi shiru tana haki. Kalsum ta kai mata ludayi, ta sha, ta ƙara.

"Inna, kin je gida ke nan?" ta tambaye ta a hankali.

Tsohuwar ta lumshe ido, gefen bakinta mai rai ya ɗan ɗaga.

Washegari sun sake kawo turmi, ta buga tabarma kaɗan, amma ba ta yi waƙa ba. Ranar Alhamis da hantsi, Kalsum na laƙƙana mata kalmar shahada, Inna ta cika. Murtala da 'yan goro abokan mijinta suka sallace ta bayan azahar, suka kai ta.

Garin geron da suka daka ya yi yawa, ya fi ƙarfin fura, sai Tani ta kwaɓa shi da sukari aka yi gumbar sadaka. Da yamma masu gaisuwa suka watse. Kalsum ta fito da tsintsiya, ta tarar da Iya Risi zaune a bakin ɗakin Inna, ita kaɗai, da curin gumba a tafin hannunta, ba ta ci ba.