Hukuncin Shekara Bakwai

Na dawo daga karatu a Ingila a watan da mahaifina ya cika shekara bakwai a kabari. Garinmu na kudancin Brazil yana nan yadda na baro shi, fenti kawai aka yi wa tashar jirgin ƙasa.

Mahaifina, Clodomiro, mabiyin Addinin Bil'adama ne, wanda wani masani Bafaranshe ya kafa. A wurinsu gaskiya ita ce abin da aka gani aka auna, kuma mamaci ba shi da wani gida sai zukatan masu tuna shi. Idan mutum ya shekara bakwai da rasuwa, jama'a kan zauna ta yi masa hukunci. In ya amfani mutane, a sa sunansa cikin magabatan da ake ambata kowace Lahadi. In ba haka ba, a bar shi a manta.

Jama'ar yanzu mutum ɗaya ce: Dona Zulmira, tsohuwar malamar makaranta da ba ta taɓa aure ba. Na same ta a ɗakin ibada tana kwashe kashin tattabaru daga kan benci.

"Ataliba, kai ne? Turawan ba sa ba ka abinci ne?"

"Suna ba ni dankali, Dona Zulmira."

"Ga alama kuwa. Zauna, Dokta. Yau hukuncin ubanka, kai ne shaida."

Na gaya mata gaskiya. Malamaina na Ingila, waɗanda yaƙi ya koro daga Vienna, su ma reshen bishiyar wannan addinin ne, amma sun sare ibadar sun yar. A wurinsu maganar da ba za a iya gwadawa ba surutu ce kawai.

"Wato jikoki sun kori kaka daga gida," in ji ta. "To, faɗi abin da idonka ya gani. Mu ma shi muke tambaya."

Ta zuba ruwan zafi a goran shayi, ta zuƙa, ta miƙo mini. Na tsaya a gaban bencina da babu kowa a kai, na fara. Ya auna hanyar ruwan da garin ke sha har yau. Ya koya wa leburorin jirgi karatu a ƙofar gidanmu. Bai taɓa dukana ba.

"Saura ɗaya," ta ce.

"Da mahaifiyata ta rasu, ya yi alwashin da addininku ke yaba wa: ba zai sake aure ba har abada. Ya cika."

"Ya cika kam." Ta karɓi goran. "Ka san wa ya cika wa a kai?"

Na girgiza kai.

"Ni na nemi ya aure ni, da bakina, a bayan ƙofar can. Kana ƙarami, kana yawo da rigar da ba maɓalli. Ya ce matattu su ke mulkin rayayyu. Na ce to matattu su ɗinka maka maɓalli. Daga nan kowace Lahadi yana benci na gaba, ina na baya, har ya mutu."

Sai a lokacin na lura ƙuri'a ɗaya ce tak, kuma tana hannunta. Ban yi imani da irin wannan hukuncin ba, amma na tsaya ina jiran abin da za ta ce.

Ta daɗe tana kallon rufin da ke yoyo. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ɗaga murya kamar ɗakin cike yake.

"Clodomiro, mai auna hanyar ruwa, ya amfani mutane. Ya shiga." Ta zauna. "Mai taurin kan banza."

Muka fito. Ta yi ta kokawa da kwado har ya kulle.

"Ni fa, Dokta? Wa zai zauna a nawa hukuncin?"

"Ƙa'idarku ta ce jama'a, Dona Zulmira. Ni ba na ciki."

"Na sani."

"Zan iya yin shaida. Wannan kam na gani."

"Ka faɗa wa tattabaru ke nan," ta ce, ta jefa makullin a jaka.

Ta gangara wajen kasuwa a hankali, tana bin inuwar katanga. Ni na nufi tasha, don in tambayi jirgin Litinin.