Gashi a Ƙarƙashin Takarda

Kwana huɗu ya rage a yi jarrabawar hannu, amma Tanner Brekke bai taɓa jin gashin nan ba ko sau ɗaya.

Abin a ido ba wuya. Dakta Pruitt, malamarsu, takan tsinko silin gashi ɗaya, ta ajiye a tebur, ta rufe shi da takarda goma, ta ce ɗalibi ya rufe ido ya lalubo shi da yatsa. A makarantar nan ba a kiranka likita don ka iya rubuta magani kawai, sai ka iya karanta ƙashi da tsokar mutum da hannunka. Wanda ya faɗi jarrabawar, sai maimaita shekara.

Ga makarantar sabuwa fil, bana jami'ar ta buɗe ta, azuzuwan ma warin fenti suke yi har yanzu. Su Tanner ne 'yan farko. Ba wani na gaba da zai ja ka gefe ya ce kwantar da hankalinka, mu ma haka muka fara.

"Tanner, danne ta kake yi," in ji Dakta Pruitt ranar Juma'a. "Takarda ce fa, ba wuyan maraƙi ba."

Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, amma abin ya ci masa rai. Hannun da ya tashi yana jan wayar shinge da igiyar shanu a yammacin jihar Nebraska ta Amurka, duk ya yi kanta, ina zai ji gashi? Ba abin da bai gwada ba. Ya goge yatsun da dutse, ya shafa basilin, ya tsinke gashin kansa har ya gaji. A wurin cin abinci lalube, a mota lalube. Zama ya gagare shi. Asabar da safe ya figi mota, tafiyar awa uku, sai gida.

Ya tarar da mahaifinsa, Arlo, a kicin yana kurɓar kofi.

"A'a, likita ne da kansa! An kore ka ne?"

"Saura ƙiris, Baba."

"To kafin su kore ka, zo ka duba min kafaɗar nan. Ta ishe ni."

"Baba, gashi ma ya gagare ni." Ya ba shi labarin takardun.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Kai ɗin? Kai da tun kana shekara goma sha huɗu kake sa hannu ka ce saniyar nan cikinta wata biyu? Da can yaya kake yi?"

Tanner ya ce, "Ba na yin komai. Nakan sa hannu ne in jira."

"To me ya hana ka jira yanzu?"

Tanner ya zagaya bayan kujera, ya ɗora yatsunsa a kafaɗun mahaifinsa, ya rufe ido. Bai danna ba. Da farko ɗumin fata kawai ya ji. Can sai tsoka ta bayyana, ɗaure tamau ta dama. Sai ga ƙashi a ƙarƙashinta yana ɗagawa da kowane numfashi. Kai! Ashe abin da Dakta Pruitt take ta faɗa ke nan wata uku. Daɗi ya kama shi, har ya buɗe baki zai yi ihu.

Yatsansa ya gangara cikin ɗan kwarmin da ke saman ƙashin wuya na hagu, ya tsaya. Wani abu ne a wurin, kamar ƙwayar wake, mai tauri, ba ya motsi. Makon jiya aka koya musu irin wannan ƙullutun, da ciwon dajin da yakan nuna yana ɓoye a cikin jiki.

Ya buɗe ido. Sai yanzu ya lura wuyan rigar ya yi wa tsohon yawa, ga sabuwar huda a bel ɗinsa.

"Baba, tun yaushe kake ramewa haka?"

"Aiki ne, me kake tsammani? Yaya dai, likita, ka ji wani abu?"

Tanner ya ɗauke hannunsa, ya goge a wando, ya sake mayarwa a hankali. Wata uku yana roƙon hannun nan ya ji, yanzu kuwa roƙonsa ɗaya, a ce ƙarya ya yi masa.

Abin yana nan inda ya bar shi.

"Na ji, Baba," ya ce. "Ajiye kofin, ka sa takalmi, asibiti za mu."