Baƙin Kumatun Gudiya

To ku matso ku ji. A zamanin da Nasara ba su daɗe da shigowa ba, an yi wani manomin albasa a Sabiyal, sunansa Labbo. Mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ta shiga lambunsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Shi ne fa aka wayi gari ana cewa yana dukan matarsa.

Matar, Gudiya, shekararsu biyu da aure. Da rani sai wani baƙi-baƙi ya fito mata a kumatu, dama da hagu. Ta goga lemun tsami, ta goga toka, ta dirje da soso, wurin ya ƙara duhu har ya yi ja a gefe. Wata mai tallan daddawa ta gani, ta kai labari Jega, garin su Gudiya. Kwana uku sai ga yayan Gudiya, Atiku mahauci, da jakinsa, ya zo tafiya da ita.

"Yaya, wallahi ban taɓa ta ba," in ji Labbo.

"Ba kai nike tambaya ba. Gudiya, mi as same ki ga huska?"

Gudiya ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi.

"Ka gani? Tsoronka take ji. Tashi ki ɗauko kayanki."

Ana haka kakar Labbo, Inna Balaraba, tsohuwar unguwarzoma, ta fito tana dogara sanda. Ta kama haɓar Gudiya, ta juya ta wajen haske, ta duba nan, ta duba can.

"Atiku, kai da ke raba nama, dubi wanga aiki. Dama da hagu daidai wa daida, har da ɗan ƙari bisa hanci. Wane gwanin mari ne zai auna haka? Labbo? Wanda ko sauro ba ya samu da tafi?"

"To, Inna, mi ne ne?"

"Baƙin ciki-da-rana ne, mu dai haka muka san shi. Yana fito ma mace in ta samu juna biyu, rana kuma ta ƙara mishi. Cikin farko ne, kana son ta buɗe baki ta faɗa maka, kai yayanta? Ina kunya?"

Gudiya ta ƙwace, ta ruga ɗaki. Atiku ya shiga sosa ƙeya. Labbo kuwa, da bai san komai ba, sai ya zauna daɓas a kan turmi.

Inna ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki. "Ke kuma ki bar dirzar fata, ba tukunya ba ce! Man kaɗe kaɗan safe da yamma, shanyar albasa da tsakar rana kuma an gama. In kin haihu zai dushe a hankali. In ya yi saura, ai ba kunne ne ya fita ba."

Ta zare malafar Labbo daga kansa, ta wurga ta ƙofar ɗakin. "In fita ta kama, ta sa wannan. Kai naka baƙin ba mai gyara shi."

Atiku ya kwance jakinsa, ya tsaya yana murza igiya.

"Labbo, ka yi haƙuri. Mi zan ce ma tsohuwa a gida?"

"Ka ce mata," in ji Labbo, kunya ta kama shi shi ma, "ka ce kowa lafiya."

Atiku ya koma Jega shi kaɗai.