Gayya a Ƙofar Gidan Urpo

Mai duba lafiyar motoci a garin Kajaani bai buga gudumarsa da ƙarfi ba, wannan kam zan shaide shi. Sau ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙarƙashin motata, daidai inda mai zama kusa da direba ke ajiye ƙafa, sai kan gudumar ya shige ciki, tsatsa ta zubo masa a hula. Ya ce gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ne ya ci ta, shekara ashirin da biyu tana shan sa. Ya ba ni wata ɗaya: ko in dawo da ita da sabon ƙarfe a wurin, ko ta daina hawa titi.

Na leƙa wani gareji kafin in bar gari. Kuɗin da mai garejin ya yanka ya fi abin da motar za ta kawo ko da an sayar da ita da ni a ciki. Har da ba ni shawara wai in kai ta wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na gode masa, na ja abata na tafi.

Kuskurena shi ne da na gaya wa 'yata Outi a waya. Tana garin Tampere, tana aikin ofis, kuma tun tana ƙarama ba ta jin labarin matsala sai ta nemo mata takarda. Kafin kwana biyu ta gama tsara mini rayuwa. Sabuwar mota, a riƙa biya kaɗan-kaɗan har shekara bakwai. Tunda shekaruna saba'in da huɗu kuma fanshona bai taka kara ya karya ba, motar za ta kasance da sunanta. In kuma ba na so, akwai ɗaki a gari kusa da asibiti, mai baranda.

Na san 'yata. Duk ranar da ta ga na ɗan kanne ido ina karanta jarida, za ta karɓe makulli, kuma tana da iko tunda sunanta ne a takarda. Daga gidana zuwa kanti kilomita talatin da ɗaya ne, bas ta daina zuwa ƙauyenmu da daɗewa. Ranar da na rasa mota na rasa gidan ke nan, da rijiyar, da gonar dankalin, da tagar da nake ganin tafki ta cikinta. Ban yi shekara hamsin a gidan nan don in ƙare a baranda ina ƙirga motocin wasu ba.

Mutum ɗaya ne ya iya walda a duk yankinmu, wato Urpo, maƙwabcina da ke kilomita biyu daga gidana. Shekara shida ke nan bai taka ƙofar gidana ba, kuma na san dalili.

Mijina Tauno ya rasu ya bar rufin sauna, ɗakinmu na wankan tururi, a buɗe, rabi da kwano rabi babu. Mako biyu bayan jana'iza mazan ƙauye suka yi mini gayya, Urpo ne a kan gaba, ya wuni a sama. Da aka sauko za a sha kofi, sai Outi ta ciro ambulan da kuɗi a ciki ta miƙa masa a gaban kowa. Ladan gayya a wurinmu romon wake ne da kofi da wankan sauna. Wanda ya ba ka kuɗi ya gaya maka ke nan cewa kai lebura ne, kuma ranar da taka gayyar ta zo kada ka neme shi. Urpo ya karɓa, ya sa a aljihu, ya bar kofinsa yana tururi, ya ce shi da wannan ƙofar gida har abada. Ina tsaye ina kallo ban ce uffan ba. Na gaji a lokacin, gaskiya ne, amma daga baya girman kai ne kawai ya riƙe ni. Tun ranar sai dai mu ɗaga wa juna haɓa in mun haɗu a kanti.

Ban je na roƙe shi ba. Na rubuta takarda na manna a allon da ke gefen akwatunan wasiƙa, inda dole ya gani: gayya ranar Asabar a gidan Sirkka, wato gidana, toshe ramin mota, akwai romon wake.

Ranar Asabar mutum shida suka zo, ƙaraminsu shekararsa sittin da shida. Reino ya kawo jak na ɗaga mota, matarsa Hilkka ta kawo kek. Aka kewaye motar ana ta ba da ra'ayi, babu wanda ya taɓa riƙe kan walda a cikinsu. Wajen ƙarfe goma Outi ta iso a motar haya, da kotinta mai launin madara da takardun dillalin motoci a hammata. Ta shimfiɗa su a teburin kicin, ta ɗora littafin hotunan sabuwar motar a sama, mai kauri, yana ƙyalli. Ta ajiye biro kusa da hannuna.

Har sha biyu Urpo bai zo ba. Romo ya nuna, mutane suka fara satar kallon agogo.

"Mama, ba zai zo ba," in ji Outi. "Ki sa hannu mu wuce wurin. Kujerar ma tana ɗumama kanta."

"Na gode. Har yanzu ina da abin da nake ɗumama kujera da shi."

Na tashi na sauke tukunyar, na naɗe ta da tawul, na kai kujerar baya ta motata, na zaunar da Hilkka ta rungume ta. Na ce wa Reino ya sauke jak ya biyo ni. Haka muka jeru a kan hanya, ni a gaba iska na shigo mini ta ramin, motoci uku a bayana, Outi a ƙarshe da takardunta, don ba za ta bar su a gidan da babu kowa ba.

Muka sami Urpo zaune a matakalar gidansa yana wasa gatari. Shekararsa saba'in da takwas, fuskar nan kamar an bar dankali a sito har bazara. Bai tashi ba.

"Lafiya?"

"Gayya," na ce.

"Na ce ba zan sake taka ƙofar gidanki ba, Sirkka."

"Na ji ka, ba kurma ba ce ni. Shi ya sa na kawo ta nan. Wannan ƙofar gidanka ce, taka abarka."

Reino ya tuntsire da dariya, Hilkka ta zungure shi. Urpo ya ci gaba da wasa gatarinsa, na ga dai sai na faɗi abin da na yi shekara shida ina haɗiyewa. Na ce masa na ga lokacin da aka miƙa masa ambulan, na yi shiru, laifina ne. Na ce na faɗa sau ɗaya, in yana jiran na biyu to gara ya nemi kujera mai laushi.

Ya ajiye gatarin ya shiga rumfar aikinsa. Da ya fito, ambulan ɗin ce a hannunsa. Ta yi rawaya, ga hujin ƙusar da aka rataye ta, kuma ko buɗe ta ba a yi ba. Ya miƙa wa Outi.

"Ungo, 'yar Tauno. Ki biya watan farko na sabuwar motarki."

Fuskar Outi ta yi ja har wuya. Ta ce ita godiya ta yi nufi, ba ta san wata hanyar godiya ba. Sai ta fuskanci Urpo.

"Kawu, ku duka dariya kuke yi. In tsohuwar motar nan ta mutu mata a tsakiyar daji a watan Janairu fa? Ina can kilomita kusan ɗari biyar. Wa zai san ba ta dawo ba?"

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa tunanin tsoro ne ke sa ta tara takardun nan ba, na ɗauka son mulki ne kawai.

Urpo ya sosa ƙeya, yana kallon motar maimakon mu. "Talata da Juma'a tana wucewa ta nan ƙarfe tara, ta dawo ƙarfe ɗaya. In ƙarfe biyu ta yi ban ji ƙarar nan mai kama da tarin akuya ba, sai in tada tarakta in bi hanya. Sau uku na fita a shekara shidan nan. Duk ukun surutu ne ya tsayar da ita a kanti."

Na tuna na taɓa haɗuwa da taraktarsa a hanya cikin ƙanƙara, na ɗaga masa haɓa na wuce, har ina cewa a raina tsohon nan yawo ya yi masa yawa. Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Sai na ce masa motata ba ta tari, kunnensa ne ya tsufa.

Aka ɗaga motar. Urpo ya kwanta a ƙasa ya daɗe yana ƙwaƙular ramin, sannan ya ce a ba shi kwali mai kauri ya fitar da siffar facin. Aka duba babu. Outi ta koma motar hayarta, ta dawo da littafin hotunan nan mai ƙyalli ta miƙa masa da kanta. Ya yage bangon, ya yanke shi da almakashi daidai girman ramin, rabin sabuwar motar na ciki rabi ya faɗi ƙasa. Daga nan ya danƙa mata burushin ƙarfe, ya ce a gayya ba a tsayuwa. Ta cire kotin ta ba Hilkka, ta durƙusa tana kankare tsatsa.

Ƙarfen facin daga jikin wani tsohon tankin ruwa ya yanko shi. Hannunsa na ɗan rawa in yana riƙe da cokali, amma da ya rufe fuska ya kama walda sai hannun ya tsaya cak. Ƙarfe huɗu aka gama. Muka sha romo a kan matakalarsa, na zuba kofi na miƙa masa. Ya ce a'a, na sake miƙawa ya ce kada in wahalar da kaina, a na uku ya karɓa ya sha har kofi uku.

Kafin Outi ta tafi ta tambaye ni a hankali abin da za ta ba shi, tunda kuɗi bai yiwu ba. Na ce mata yana gayyar faskare duk Satumba, kuma ba a aika wakili.

Da na mayar da motar, mai duba motoci ya buga wurin sau uku, gudumar ta dawo masa. Ya sa hannu, amma ya ce kada in saki jiki, shekara ɗaya ko biyu wani wurin zai buɗe. Na ce masa baɗi ma akwai Asabar.

A Satumba Outi ta zo ta jirgin ƙasa, da takalmin roba da safar hannu sababbi fil, ko tambarin kanti ba ta cire ba. Ni na je tasha na ɗauko ta a motata. Ta shiga ta zauna, ta ɗaura bel, ta ɗauka ban lura ba ta sa diddige ta buga inda aka yi facin, sau biyu.

"Ƙara bugawa," na ce, na tada mota.